Kunnen Ɗan Gogo

Talata, 8 ga Oktoba, bayan La'asar

Malam, maigidana, ya bugo daga asibitin Katsina. Ya ce yaron yana nan yadda yake. Na ce to, Allah ya ƙara sauƙi. Ya ce in kula da Gogo, mahaifiyarsa, kada ta ƙi cin abinci. Iyakar hirar ke nan.

Na ɗauko wannan littafin cikin ragowar na 'yan ajina, don akwai maganar da ke cina, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa. Ni Rekiya, malamar firamare a Dutsin-Ma, yau na karanta sharhin wani mutum daga Maraɗi yana yabon ɗana. Maraɗi fa! Wata ƙasa! Ya ce shi da matarsa ba sa cin tuwo sai sun kunna Kasuwar Jiya.

Kasuwar Jiya shi ne wasan da ɗan nawa, Ɗan Gogo, ya rubuta, ya fito a ciki, shi da abokan karatunsa. Guntu-guntu ne, kowane kashi bai kai a dafa shayi a sha ba, a waya suke ɗorawa. Saura kashi na ƙarshe.

Abin da ya faru a hanyar Kurfi ba zan rubuta shi ba. Kowa da irin labarin da yake bayarwa, wanda ya san gaskiya kuma ba ya magana.

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

Malam ya bugo. Yana nan yadda yake.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan Azahar

Da can leƙe kawai nake yi. In ya kunna wa Gogo wasan sai in wuce da tsintsiya kamar ban damu ba. Yau na zauna na kalla tun daga farko.

Ga labarin. A zamanin da, wani makiyayi Zaharaddin yana son wata yarinya Turai. Ya tafi kasuwa sayo mata kayan aure, bai dawo ba. Sai aka sake haihuwarsu a wannan zamanin na babur da waya. Shi bai tuna komai ba, ita ta tuna. Ta gane shi a kasuwar Kurfi ta wata 'yar tsaga da ke kunnensa na hagu. To duk ranar kasuwa sai ya tafi, ba ya dawowa, ita kuma sai ta farka a safiyar ranar nan dai, zakara ɗaya, kukan jaki ɗaya, ta sake neman dabarar hana shi tafiya. Ɗan Gogo ne ya fito a Zaharaddin. Sumayya, ɗiyar mutanen Karofi, ita ce Turai.

Masu kallo kuwa, Allah na tuba, kowa ya zama malami. Wata ta rubuta: "Turai, ki ɓoye makullin babur ɗin mana, kina da hankali kuwa?" Aka ba ta amsa: "Baiwar Allah, ta ɓoye a kashi na biyu, ya hau motar wake. Ki riƙa kallo da ido, ba da baki ba." Na yi dariya har Gogo ta leƙo daga ɗaki ta ce lafiya? Na ce lafiya lau. Sai na ji kunyar dariyar.

Wani ya ce sun kwaikwayi 'yan ƙasar waje ne. Ka ji min mutum! A wace ƙasar wajen ake tallar fura a gindin dalbejiya? Wannan kazar mai ɗingishi da take wucewa ta gaban Turai duk safiya, wadda mutane ke cewa ta fi wasu 'yan wasa iya aiki, kazata ce. Da tsabar gero ya yi ta lallaɓarta a tsakar gidan nan har ta yarda ta bi hanya ɗaya. Ina tsaye a madafa ina kallo. Ban yaba masa ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

Na je Katsina na dawo. Sun aske masa kai. Kunnen yana waje sarai, shi da bai taɓa yarda ya fita ba hula ba.

Wata nas ta tsaya tana dubansa, ta dube ni, ta ce, "Mama, don Allah, wannan ba Zaharaddin ba ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "Wayyo Allah! Ni fa jiran kashi na ƙarshe nake yi." Sai ta toshe bakinta da hannu. Na ce kada ki damu, 'yata, ni ma shi nake jira.

Ta gyara masa matashi da kyau kafin ta fita. Na lura.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan Asuba

Yanzu kuma gardamar kunne ake yi a sharhi. Wani ya ce kwalliya ce aka liƙa, wai ma ba a iya ba, ana ganin ƙarya ce. Wata ta rantse ya yanke kunnensa ne musamman don wasan, ta ce wannan shi ne sadaukarwa. Wani mai kiran kansa masanin harkar ya ce da kwamfuta aka yi. Masani! Na kusa jefar da wayar.

Bari in rubuta a nan, tunda can ba zan iya ba.

Kafin shi na haifi uku, babu wanda ya kai yaye. Mutanen Shema, garin su Malam, suka ce wabi nake yi, wai ɗa ɗaya ne yake zuwa yana komawa. Da aka haifi wannan, Gogo, uwar Malam, ta karɓe shi tun ba a yi suna ba. Ta kai shi bakin juji ta ajiye, ta sake ɗauka, ta ce tsintarsa ta yi. Ta kira wanzami ya ɗan tsaga masa gefen kunne, wai ko ya koma can za a gane shi a koro shi, ya ji kunya ya zauna. Sannan ta zaunar da ni ta ce, "Rekiya, wannan ba naki ba ne, nawa ne. Kada ki kira sunansa. Kada ki yabe shi. Kada ki daɗe kina kallonsa a gaban mutane. In aka ga kina so, za a ɗauke."

Na yi makaranta, na yi Islamiyya, na san camfi ne, na san rai a hannun Allah yake. Amma na riga na sallama uku, ba ni da bakin gardama. Sai ya zama Ɗan Gogo. Ya yi na ɗaya a aji, na ce to. Ya sauke Alƙur'ani, na ce to. Ya shiga jami'a, na ce to, a dai kula. Ya girma har ya fi babansa tsawo, bai taɓa jin sunansa a bakina ba.

Yara sun tsokane shi da kunnen nan har ya riƙa jan hula yana rufewa. Shi ne yau ya tsaya gaban kamara ya cire hular da kansa, ya juya wa duniya gefen hagu. Wallahi duk sanda na zo wurin nan sai na ji ƙirjina ya cika.

Talata, 15 ga Oktoba, da rana

Yana nan yadda yake. Na sake kallon kashi na uku, inda yake cin ƙosai yana dariya.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan La'asar

Labarin kwanciyarsa a asibiti ya fita. Ban san wanda ya fitar ba. Sharhi ya cika da addu'a, daga Kano, daga Zariya, har da wani direba da ya ce yana Legas ya tsayar da mota ya yi kuka. Na karanta su duka, ina cewa amin a bayyane kamar suna jina.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren. "Wanda ya mutu ba ya dawowa, wannan koyarwar ɓata ce." "Ya yi wasa da mutuwa a hanyar Kurfi, ga shi hanyar Kurfi ta amsa masa." "A goge shi ko Allah ya ba shi lafiya."

Ni za a gaya wa wanda ya tafi ba ya dawowa? Ni? Wa ya kai ni sani a garin nan? Tatsuniya ce yaron ya yi, kamar yadda ake cewa kura ta yi magana, ba wanda ya taɓa zuwa daji neman fatawa a wurinta. Amma wannan na biyun, mai maganar hanya ta amsa, na bar shi da Allah. Na rubuta amsa mai zafi, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. In na amsa, me zan ce ni wace ce?

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Yaya Alhaji Dalhatu, wan Malam, ya zo daga Kurfi. Ko ruwan da na kawo bai sha ba.

Ya ce, "Malama, maganar wasan nan ta ishe ni. Ko rumfa na zauna sai an nuna ni. Liman ya yi mini magana. Ki sa yarinyar nan Sumayya ta goge komai, tun daga na farko. Na ƙarshen kuma kada ya fito."

Na ce, "Yaya Alhaji, aikinsa ne. Mai shi yana kwance."

Ya ce, "Don yana kwancen nake faɗa. Kina so ya je gaban Allah da wannan a wuyansa?"

Kalmar "ya je" ɗin nan ce ta tsaya mini. Shi ma ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai yana murza hula. Ba mugu ba ne, shi ya saya wa yaron babur ɗin da ya hau zuwa Kurfi ranar, na san abin da ke cinsa. Ya ce ya yi magana da Malam, Malam ya ce ba shi da kan wannan yanzu, a tambaye ni. Ya ba ni zuwa Juma'a mai zuwa.

Da ya tafi na shiga madafa na wanke tukwanen da na riga na wanke.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da safe

Sumayya ta zo, ta rame kamar ba Turai mai tsiwar nan ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaida Gogo, ta ce, "Mama, kashi na ƙarshen yana wurina. Ya gama haɗa shi tun kafin ranar da abin ya faru. Ƙarar kasuwa kawai ya ce ba ta yi masa ba, shi ne ya koma Kurfi ɗaukowa." Ta ce mutane sun dame ta, wasu a saki, wasu a goge, ita kuma ba za ta taɓa komai ba sai da izinina.

Na ce kin kalla? Ta ce ai tana ciki. Na ce to, Turai ta cece shi? Ta ce, "Mama, in kunna miki?" Na ce a'a, ba yau ba.

Ƙarar kasuwa! Wa zai lura da ƙarar kasuwa? Haka yake tun yana ƙarami, in ya share tsakar gida sai ya koma ya gyara layin tsintsiya.

Litinin, 21 ga Oktoba, da hantsi

Malam ya bugo. Ya ce likita ya kira shi gefe. Bai faɗi abin da aka ce ba, ban tambaya ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan Azahar

Masu kallo sun fara rubuta nasu ƙarshen. Wata ta ce Turai ta bi shi a bayan babur su tafi tare. Wani ya ce a ɗaure shi da igiyar shanu har kasuwa ta watse. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya daga Funtuwa ta rubuta doguwar magana, ta ce ita ba soyayyar take kallo ba, mijinta ya rasu shekarun baya, kuma har yau in ta farka tana tsara abin da za ta ce masa don kada ya fita ranar. Ta ce yaron da ya rubuta wannan ya san zuciyar mata, Allah ya yi wa uwar da ta haife shi albarka.

Na karanta wa Gogo wannan. Na kai wurin "uwar da ta haife shi" sai na ajiye wayar. Gogo ta ci gaba da ɓarar wake, ba ta ɗago ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da yamma

Yaya Alhaji ya dawo jin amsa. Kafin in buɗe baki Gogo ta fito da sandarta ta zauna a kan turmi. Ban taɓa ganin ta shiga maganar da ba a kira ta ba.

Ta ce, "Alhaji, mi ka ce za a goge?"

Ya ce, "Gogo, wasan nan ne. Akwai maganar wai mutum ya mutu ya dawo, ga kuma kunnen nan da ake ta nunawa."

Ta ce, "Kunnen wa ya tsaga? Shi ya tsaga wa kansa? Ni na kira wanzami, kana tsaye kana riƙe da ƙwaryar ruwa, ko ka manta? Maganar zuwa da komawa a bakina ya ji ta tun yana goye. In laifi ne, nawa ne, na kuwa daɗe ina roƙon Allah gafara. To fara da ni, goge ni, sannan ka goge na yaro."

Ya ce, "Haba Gogo."

Ta ce, "Haba ɗin mi? Yaro ya ɗauki abin da aka yi masa dariya da shi ya mai da shi abin kallo har Maraɗi, kai kana jin kunyar rumfa."

Ashe tana jin duk abin da nake karantawa. Yaya Alhaji ya ce to, a bar na baya. Amma na ƙarshen, ya roƙe ni, in kalla da idona tukuna, in akwai abin da zai ja wa yaron magana in hana. Na ce na yarda. Wannan karon ya sha ruwan.

Asabar, 26 ga Oktoba, da safe

Za ni Katsina. Malam ya ce in taho da Gogo.

Laraba, 30 ga Oktoba, bayan La'asar

Masu zuwa ta'aziyya sun ragu. An mayar da tabarmin maƙwabta. Malam yana zaure da sauran baƙin Shema.

'Yan makarantarsu sun zo mota guda. Wasu mutane kuma ba mu san su ba sam, sun ce masu kallo ne, daga Kurfi, daga Charanci, har da mata biyu daga Katsina. Suna tambaya wace ce mahaifiyar Zaharaddin. Aka nuna ni. Na ce mun gode, Allah ya ba da lada. Yaya Alhaji da kansa ya riƙa kai musu ruwa.

Ban yi kuka a gaban mutane ba. An ce na yi haƙuri. Ba haƙuri ba ne, sabo ne.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Na aika Sumayya ta zo. Muka zauna a ɗakin Gogo mu uku, ta jingina wayar da kwanon sha.

Turai ta farka. Zakaran nan, jakin nan, kazata ta wuce da ɗingishinta. Na jira in ga sabuwar dabara. Ba ta ɓoye makulli ba, ba ta yi ƙaryar ciwo ba, ba ta tare ƙofa ba. Ta dama masa koko, ta zauna tana kallonsa yana sha har ya shanye. Ya ce, "Yau kallon na mene ne?" Ta ce, "Duk kwanakin nan ina ta fama da hanya, ban taɓa zama na dube ka ba." Ta faɗa masa duk abin da take so a wurinsa, har da kunnen. Ya yi dariyar nan tasa. Ta raka shi bakin ƙofa ta ce Allah ya tsare. Ya tafi.

Sai gari ya sake wayewa. Babu jaki, babu kaza, ruwa ake yi. Ba ranar kasuwa ba ce. Turai ta fito ta ɗauki tsintsiya. Shi ke nan.

Babu ƙarar kasuwar da ya je nema. Ban ga inda ta rage ba.

Sumayya ta kashe wayar. Can Gogo ta ce, "Rekiya, an tsaga kunnen don ya zauna, ya kuwa zauna. Ya yi mana shekaru ashirin da 'yan kai, bai saɓa ba." Ta share fuska da gefen zane ta ce, "Ni na hana ki. Yanzu ba abin da za a ɗauke. Ki kira abinki."

Na ce wa Sumayya ta saki.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, bayan Azahar

Sharhi kamar ruwan sama. Wasu sun ji haushi, wai me ya sa ba ta cece shi ba, an cuce su. Mutumin Maraɗi ya ce tuwonsu ya huce ba wanda ya taɓa. Wanda ya ce ɓata ce ya dawo ya rubuta, "Ƙarshen dai ya yi daidai, Allah ya jiƙansa." Matar Funtuwa ta ce yau ta farka ba ta tsara komai ba. Yaya Alhaji ya bugo daga Kurfi ya ce ya kalla, sai ya kasa ci gaba, ya kashe wayar.

Masanin nan kuma yana nan a kan bakansa, wai kunnen da kwamfuta aka yi.

Shi na amsa wa. Na rubuta a ƙarƙashin maganarsa, da sunana, ban goge ba:

"Kunnen na gaske ne. Shi ya rubuta wasan, shi ya koya wa kazar tafiya, kuma bai taɓa yin abu rabi ba. Sunansa Ikrima. Ni na haife shi."

Kafin in tura na karanta wa Gogo da ƙarfi. Ta ce kunnenta ya yi nauyi, in maimaita sunan. Na maimaita.